Dawakai Nawa Aka Ƙara? Ƙiyasta Ƙarfin Injin Fijo 504 Bayan Kwaskwarima a Iskar Kaduna

Tsakure

Maƙalar nan ta duba wata tambaya da ake amsa ta da baki kullum a garejojin Fanteka da Kurmin Mashi da Kawo, ba tare da an auna ba: idan aka yi wa tsohon inji kwaskwarima, ƙarfin dawakai nawa ake ƙara masa? An ɗauki injin Fijo 504 mai cc 1971, aka bi ta lissafin matsi da na shaƙar iska da na yanayin gari. Lissafin ya nuna cewa tudun Kaduna da zafinta suna zabge wa injin kusan kashi goma cikin ɗari tun kafin a taɓa shi, cewa goge tof silinda ba ya kawo dawakai uku cikakku, kuma mafi yawan ƙarfin da mai mota yake ji bayan aiki tsohon ƙarfinsa ne da ya ɓace aka dawo masa da shi. An kuma kawo hanyar awo a kan titi wadda bakanike zai iya bi da agogo da wayar hannu.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya san yadda ake yanke hukunci a kan inji bayan an gama aiki. Maigida zai tayar da mota, ya taka totur sau biyu ko uku, ya karkata kunne. Sai a fita gwaji a kan titin Ali Akilu ko a miƙa ta baifas, a dawo a ce mota ta buɗe, ko a ce har yanzu tana da nauyi. Idan mai motar ya matsa da tambaya, sai a ba shi adadi: an ƙara mata dawakai ashirin, an ƙara mata talatin. Ba na raina wannan kunne. Na sha ganin bakanike ya gane bawul ɗin da ya ƙone daga ƙarar salansa kawai, aka buɗe aka tarar da gaskiyarsa. Amma kunne yana gane lafiya da rashin lafiya ne. Ba ya ƙirga doki. Adadin da ake faɗa kuwa da shi ake yanke kuɗin aiki, da shi mai mota yake yanke shawarar ko zai bari a goge masa tof ɗin da ba ya komawa yadda yake idan an goge. Saboda haka nake ganin adadin ya cancanci a nemo masa tushe.

2.0 Motar da injinta

Ban yi nisa wajen neman abin misali ba, domin a nan Kaduna aka haɗa shi. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa ta Kakuri, can ƙetaren kogi, ta fara fitar da motoci a 1975, kuma ba a daina haɗa 504 a ƙasar nan ba sai wajen 2006, alhali Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Wannan tsawon rai shi ya sa kayan gyaranta da masananta suka yi yawa a arewacin birnin nan.

Wani zai ce 504 ba motar tsere ba ce, motar gwamnati ce da ta haya. Tarihi bai goyi bayansa gaba ɗaya ba. An fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, kuma a shekarar ce aka fito da mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi waɗanda gidan zane na Pininfarina a Italiya ya tsara jikinsu. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da ita a wannan shekarar. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da ta Bandama a Kwaddibuwa da mai ƙofa biyu mai silinda shida. Wato motar da ta yi jigilar fasinja daga tashar Kawo zuwa Kano 'yar ɗaki ɗaya ce da wadda ta ci manyan gasannin Afirka. Matasan da suke sayen tsoffinta yanzu suna yi mata fenti da kwaskwarima suna da abin kafa hujja.

Injin da za mu yi magana a kai shi ne mai lamba XN1. Silinda huɗu ne, faɗin kowace milimita 88, tafiyar fistin milimita 81, jimillar cikinsu cc 1971. Gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, tof ɗinsa na alminiyam, silibobinsa kuma ana zare su a sauya. A ƙirarsa ta baya-baya matsinsa 8.8 ne, kamfani ya rubuta masa dawakai 96 a juyi 5,200 a minti, da ƙarfin murɗa na kimanin mita-nutan 160 a juyi 3,000. Ɗan'uwansa XN2, mai injekta ta Kugelfischer a maimakon kafireta, an rubuta masa 106. Ina roƙon a riƙe wannan bambanci na dawakai goma, domin za mu dawo gare shi.

3.0 Wane doki ake nufi

James Watt ne ya kawo wannan ma'auni a ƙarni na 18 don ya nuna wa masu saye dawakai nawa injinsa na tururi zai maye gurbinsu. Dokin Ingila wat 745.7 ne. Na ƙasashen Turai masu awon mita, wanda Peugeot take amfani da shi kuma shi zan bi a nan, wat 735.5 ne: ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama mita ɗaya cikin sakan ɗaya. A ce buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, kowane sakan, ba hutawa.

Inji ba doki yake haifarwa kai tsaye ba, murɗa yake yi. Idan aka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi a minti aka raba da 9,549, sai a sami kilowat. A juyi 3,000 injinmu yana ba da kilowat 50, wato dawakai 68. A juyi 5,200 murɗar ta sauka zuwa kimanin 130, amma da yake juyin ya yi yawa sai ƙarfin ya kai 96. Hanya biyu ke nan kacal ta ƙara doki: ko a ƙara murɗa, ko a sa injin ya riƙe murɗarsa har zuwa juyi mafi yawa.

Daga nan muna iya gwada kowace magana da aka faɗa mana. Akwai ma'aunin da injiniyoyi suke kwatanta injuna da shi ko da girmansu ya bambanta, wato matsakaicin turin da ƙonewar mai take yi wa fistin. Ga injin mai bugu huɗu, ana ninka murɗa da 12.57 a raba da girman ciki. Namu yana ba da 10.2, a ma'aunin matsi na ba (bar), a inda murɗarsa ta fi ƙarfi, da 8.3 a inda dokinsa ya fi yawa. To, a ce wani ya yi alƙawarin mayar da shi mai dawakai 130. Ko dai ya kai turin nan zuwa 11.2 a juyi 5,200, abin da injin bai taɓa kaiwa ba ko a inda ya fi jin daɗin numfashi, ko kuma ya bar turin yadda yake ya kai juyin 7,000 da ɗoriya. A wannan juyi, wahalar da fistin da sandarsa suke sha a kowace juyawa ta ninku kusan sau 1.8, domin tana tafiya ne da juyi a ninka da kansa. Masu shirya motocin gasa suna iya wannan, amma da wani kamshaf, da wasu fistin, da wasu sifirin na bawul, da injin da za a sake kwancewa bayan kowace gasa. Ba aikin yini biyu ba ne a gindin bishiya, kuma ba shi mai motar da zai kai iyalinsa Zariya yake nema ba.

4.0 Abin da iskar Kaduna take ci

Nan ne nake so in daɗe, domin shi ne abin da ba na jin ana ambata a gareji ko kaɗan.

Dawakai 96 ɗin nan ba a Kaduna aka auna su ba. Ma'aunin Jamus na DIN 70020, wanda aka rubuta adadin da shi, yana ɗaukar nauyin iska na bakin teku, miliba 1,013, da zafin digiri 20. Inji kuwa famfon iska ne. Kowane gram na fetur yana bukatar kimanin gram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, saboda haka iyakar ƙarfinsa ita ce iyakar nauyin iskar da ya iya zuƙa. Kaduna tana bisa tudu na kimanin mita 600, inda nauyin iska yake wajen miliba 943. Ƙa'idar gyaran lissafi ta DIN ta ce a raba 1,013 da nauyin iskar wurin, sannan a ninka da tushen murabba'i na zafin wurin bisa 293, a ma'aunin Kelbin.

Mu ɗauki azahar ɗin watan Afrilu, zafi digiri 35. Lissafin ya ba da 1.10. Injin da ba abin da ya same shi, sabo fil daga kwali, dawakai 87 zai ba da a Tudun Wada a wannan lokaci. Tara sun tafi. Mu koma asubahin hunturu a watan Janairu, digiri 15: lissafin ya ba da 1.065, wato dawakai 90. Idan aka hau da motar Jos, wadda take sama da mita 1,200, a rana mai digiri 25, sai ta koma kimanin 82. Idan aka gangara da ita Legas a zafin digiri 30, ta tashi zuwa 94. Direbobin da suke cewa mota ta fi ja da sassafe ba mafarki suke ba, haka kuma masu cewa tana kasala a kan Filato.

Abin lura biyu ne. Na farko, tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara akwai dawakai uku a inji ɗaya, ba a kwance ko ƙusa guda ba. Duk wanda ya gwada mota da rana kafin aiki, ya sake gwada ta da safe bayan aiki, ya riga ya saka wa kansa dawakai har uku a lissafi waɗanda ba hannunsa ne ya kawo su ba. Na biyu ya shafi kafireta. Solex ko Zenith ɗin da ke kan 504 ba ta san nauyin iska ba, gudunta a maƙogwaro kawai take ji. Iskar Kaduna a digiri 35 nauyinta kilo 1.07 ne a kowace mita kubik, ta bakin teku a digiri 20 kuwa 1.20. Sakamakon haka cakuɗin yana ƙara yawan mai da kimanin kashi shida cikin ɗari da kansa. Ke nan motar da aka saita don bakin teku ta riga ta fara shan mai fiye da kima a nan. Wanda ya sa mata babban jet don neman fawa ya ƙara wa Barno dawaki ne: baƙin hayaƙi zai samu, da fulogi mai kunkunniya, da fetur mai wanke baƙin mai daga jikin silibi.

5.0 Ayyukan da aka saba yi

5.1 Goge tof

Wannan shi ne aikin da aka fi jingina wa ƙarin ƙarfi, kuma shi ne ya fi sauƙin lissafi. Kowace silinda tana share cc 492.7. A matsin 8.8, ɗakin ƙonewar da ya rage idan fistin ya kai ƙololuwa cc 63.2 ne. Idan muka ɗauka bakin ɗakin ya yi daidai da faɗin silinda, goge milimita ɗaya cur yana cire cc 6.1, matsi ya tashi zuwa 9.6. Rabin milimita yana kai shi 9.2.

Me wannan yake saya? Ka'idar zagayen Otto ta nuna cewa ingancin inji yana ƙaruwa da matsi, amma ƙaruwar tana raguwa yayin da ake hawa. Daga 8.8 zuwa 9.6, ingancin yana tashi da tsakanin kashi 2.6 da 2.9 cikin ɗari, gwargwadon yadda aka ɗauki halin iskar da ke ciki. A kan dawakai 87, wannan doki biyu da rabi ne. Bai kai abin da sanyin asuba yake bayarwa kyauta ba.

Kuma ko wannan ɗin ba tabbas ne ya zauna ba. Matsi mai yawa da iska mai zafi suna sa cakuɗin ya fashe kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji ƙarar nan kamar an zuba tsakuwa a gwangwani idan mota tana hawan tudu da kaya. Fetur ɗin da ake sayarwa a gidajen manmu na gama-gari ne, mai lambar oktan wajen 91, ba na masu tsere ba. Da zarar ƙarar ta fara, bakanike zai juya dilko ya ja taimin baya don ta daina, kuma jan nan yana iya cinye ribar gaba ɗaya. Idan kuwa aka bar ta, kan fistin da gaskit ne za su biya. Gaskiya ne tudunmu yana ɗan taimakawa a nan, tun da iskar da ake matsawa ba ta da nauyi tun farko. Amma motar Kaduna tana zuwa Lakwaja. A ganina, tof ɗin da ya lanƙwashe saboda zafi a goge shi gwargwadon abin da zai daidaita shi, a tsaya nan.

5.2 Faɗaɗa silinda

Ƙarin milimita ɗaya a faɗi, daga 88 zuwa 89, yana kai injin cc 2016, ƙarin kashi 2.3, dawakai biyu. Wanda yake da ƙaramin injin mai cc 1796 ya koma mai 1971 shi ne ya sami abin kirki, kusan kashi goma.

5.3 Kafireta da salansa

A juyi 5,200, idan silinda tana cika kashi 80 cikin ɗari, injin yana zuƙar iska sama da lita 4,000 a minti. Duk abin da ya rage mata cikas a hanyar shiga ko ta fita yana ƙara ƙarfi, amma a saman juyi kawai, inda cikas ɗin yake da tasiri. A ƙasan juyi babbar kafireta tana rage gudun iska a maƙogwaro, mai ya kasa tarwatsewa da kyau, mota ta riƙa shaƙewa idan an taka ta daga tsaye. A cunkoson Kasuwar Barci ko shataletalen Mando, wannan ƙasan juyin shi ne rayuwar direba.

A nan ne dawakai goman nan suke da amfani. Kamfanin da ya ƙera injin, da ɗakunan gwajinsa, ya cire kafireta ɗungurungum ya sa injekta mai auna wa kowace silinda rabonta, abin da ya samu kashi goma ne. Ba na jin hankali zai ɗauka cewa sauya wata kafireta da wata zai wuce haka. Ƙiyasina, kuma ƙiyasi ne ba awo ba, shi ne kashi huɗu ga kafireta mai kyau da aka saita daidai, kashi uku ga salansa mai sakin numfashi. Fasa tukunyar salansa yana ƙara ƙara, kuma ƙara tana yaudarar kunne ƙwarai. Ina zargin rabin dawakan da ake faɗa daga nan suke fitowa.

Cire iyakilina kuwa ina roƙon a daina. Injin da yake haɗiyar mita kubik 246 ta iska a awa guda, a garin da ƙurar hunturu take rufe rana, ba zai yi wata nawa ba ringinsa ya cinye.

5.4 Idan aka haɗa su duka

Mu yi wa kwaskwarima adalci, mu ba ta duk abin da take nema: kashi uku na matsi, huɗu na kafireta, uku na salansa, mu ɗauka babu wanda ya ci rabon wani, ko da yake a zahiri suna ci, tun da duk ƙofa ɗaya ta bawul suke bi. Jimilla kashi goma da ɗigo uku. Dawakai 87 sun koma 96. Wato bayan duk wannan aiki da kuɗi, a rana mafi sa'a, motar ta dawo daidai adadin da aka rubuta mata a takarda, wanda iskar Kaduna ta karɓe.

To, daga ina jin nan na cewa mota ta canza gaba ɗaya yake zuwa? Domin jin gaskiya ne, ba na musunsa. Yana zuwa ne daga halin da injin yake ciki ranar da aka kawo shi. Motar da ta shekara talatin tana aiki ba ta zuwa gareji da 87. Ringi ya saki, bawul ba ya zama, kwantak ya ƙone, ma'aunin da ke cikin dilko mai tura taimin gaba ya ƙage, an cire tamostat tun tuni injin yana aiki a sanyaye da safe, fankar da aka ƙera ta riƙa kama kanta da saki an ɗaure ta tana juyi kullum. A ce duk wannan ya ci kashi 15, saura 74. Bakanike ya kwance, ya sa sabon ringi da silibi, ya wasa bawul, ya saita wuta, ya kuma goge tof ya sauya kafireta a tafiya ɗaya. Mota ta fita da 92 ko 93. Mai ita ya ji ƙarin dawakai kusan ashirin, kuma da gaske ne. Amma goma sha uku daga ciki gyara ne ya dawo da su. Kwaskwarimar biyar ko shida ta kawo. Abin da yake damuna shi ne yabon yana tafiya ga gugar tof, aikin da ya fi haɗari kuma ya fi ƙarancin riba, ainihin gwanintar bakaniken kuwa, wadda take cikin haƙurin wasa bawul da saita wuta, ba a ko ambatonta.

6.0 Awo a kan titi

Na'urar dainamomita, wadda mota take hawa kan nadi a auna ta a tsaye, ita ce alƙali. Inda babu ita a kusa, titi da agogo suna iya kusantar da mu, in dai an kiyaye sharuɗɗa.

Ana sa mota a giya ta uku a gudun kilomita 55, a taka totur har ƙasa, a fara ƙirga lokaci daga 60 a tsaya a 100. Gudun a karanta shi daga tauraron ɗan'adam a wayar hannu, domin allurar tsohuwar mota ba abar dogaro ba ce. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don bayani. Mota da mutum biyu da mai, kilo 1,400. Kuzarin da ake bukata don tashi daga 60 zuwa 100 shi ne jul 345,700. A ƙara kashi takwas saboda tayoyi da filawil da sauran abubuwan da su ma sai an juya su, ya zama 373,000. Turjiyar iska da ta taya a tsakiyar wannan gudu tana cin kimanin kilowat 9. Idan motar ta yi sakan 12, ƙarfin da ya isa taya kilowat 40 ne. Idan bayan aiki ta yi 11, ya zama 42.9, ƙarin kashi bakwai. Idan ta yi 10, ya zama 46.3. Ba sai an damu da abin da giya da aksul suka ci ba, tun da kafin da bayan duk ɗaya ne. Kason ƙarin muke nema.

Hanyar tana da tarkuna, kuma kowanne ya isa ya haɗiye abin da ake nema. Gangaren kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ido ba ya gani, yana ƙara ko rage kilowat uku, wato dawakai huɗu, fiye da ribar gugar tof. Don haka dole a yi gwajin zuwa da dawowa a yanki ɗaya, aƙalla sau uku kowane ɓangare, a ɗauki matsakaici. Yaron gareji ɗaya mai kilo 70 da ya shiga a gwaji na biyu bai shiga na farko ba ya sauya nauyi da kashi biyar. Jinkirin yatsa na sulusin sakan kashi uku ne. Gara a ɗauki bidiyon fuskar wayar a ƙirga daga baya. Iskar taya, yawan man da ke tanki, da zafin inji su zama ɗaya. A rubuta zafin gari a kowane gwaji a gyara lissafi da ƙa'idar sashe na 4.0. Da duk wannan kiyayewa, ba na tsammanin hanyar za ta iya rarrabe abin da bai kai kashi uku ba, kuma wannan ma darasi ne: ƙarin da agogo ya kasa gani, da wuya a ce bayan direba ne ya ji shi.

Wurin gwaji ba cikin gari ba ne. Dokar hanya ta ba ƙananan motoci kilomita 100 a kan tagwayen manyan hanyoyi kawai, 50 a cikin gari. Miƙaƙƙen yanki na hanyar Zariya bayan an wuce Maraban Jos, a lokacin da ba cunkoso, mutum biyu a mota, ɗaya na tuƙi ɗaya na awo, bayan an duba birki da taya.

Muhimmin sharaɗi shi ne a yi awon sau uku: ranar da mota ta zo, bayan an gyara ta zuwa yadda kamfani ya yi ta, sannan bayan kwaskwarima. Na tsakiyar nan shi ne ba a taɓa yi, domin yana nufin a haɗa inji a gwada a sake buɗewa, kuma ba mai motar da zai so biyan gaskit biyu. Kafireta da salansa dai ana iya jinkirta su ba tare da asara ba. Tof ne matsala, shi ya sa nake ganin wannan gwaji aikin makaranta ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da tsohuwar Fanteka maƙwabtan juna ne a Tudun Wada. Inji guda, tof biyu, ɗaya gogagge ɗaya lafiyayye, ɗalibai biyu da maigida ɗaya daga kasuwa, sun isa su ba mu alƙaluman da za su tabbatar da lissafin nan ko su rushe shi.

7.0 Inda lissafin ya juya: iskar gas

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu tsoffin motoci da yawa sun fara tunanin mayar da su masu amfani da matsattsiyar iskar gas. A nan maganar da na yi a kan gugar tof tana sauyawa, kuma ya kamata in faɗa.

Tururin fetur bai kai kashi biyu cikin ɗari na cakuɗin da ke shiga silinda ba. Gas kuwa yana cin kusan kashi tara da rabi, ya ture iska daidai wannan gwargwado. Saboda haka ana rasa wajen kashi takwas nan take, kuma da yake harshen wutarsa ya fi na fetur nawa, idan ba a tura taimin gaba ba asarar tana kaiwa goma ko ta wuce. Injinmu mai 87 ya koma kimanin 78. Sai dai gas yana jure matsi ƙwarai, lambar oktan ɗinsa tana wajen 120. Matsin 9.6 da yake kawo ƙarar tsakuwa da fetur ba ya damun gas ko kaɗan, ana ma iya wuce shi. Ga motar da za ta zauna a kan gas, gugar tof da tura taimin suna iya dawo da sulusin abin da aka rasa ko fiye. Matsalar ita ce yawancin motocin da ake juyawa suna riƙe da tankin fetur don ranar da gas ya yanke a hanya, kuma a ranar injin zai koma shan fetur da matsin da aka yi wa gas. Mai irin wannan mota shawarata gare shi ya tsaya a rabin milimita, matsin 9.2, ya sa a yi wa dilko alama biyu, ɗaya ta gas ɗaya ta fetur, ya kuma koyi juya shi da kansa kafin ya kama hanyar Birnin Gwari ko ta Kafanchan.